Karanta Labari a Gaban Jama'a: Hanyar Buɗe Zancen Duka da Cin Zarafi a Gidan Aure

Idan kin taɓa zuwa asibiti da kumburarren ido kika ce wa likita ƙofa ce ta buge ki, ko ka taɓa raka ƙanwarka awon ciki ka ji ta ce zamewa ta yi a banɗaki alhali ka san abin da ya faru, to wannan bayani naku ne. Mu likitoci mun saba jin waɗannan amsoshin. Ƙofa ba ta barin shatin yatsu huɗu a kumatu. Santsin banɗaki kuma ba ya fasa tantanin cikin kunnen hagu, marin hannun dama ne yake yin haka. Amma da zarar mun tambaya kai tsaye, "Maigidanki ne ya dake ki?", sai a sunkuyar da kai a ce a'a. Sau da yawa ma ƙanwar mijin ce ko mahaifiyarsa take tsaye a gefe, riƙe da katin asibitin.

Abin da na lura da shi a ɗakin duba marasa lafiya shi ne, matar da ta kasa cewa "ni" takan iya cewa "wata". "Likita, akwai wata ƙawata da mijinta yake…" Daga nan zance ya buɗe. Na san wace ce ƙawar, ita ma ta san na sani, amma kalmar "wata" ta ba ta inuwar da za ta tsaya a ciki ta yi magana. A kan wannan ɗabi'a aka gina hanyar da zan bayyana muku: a tara mutane, a karanta musu wani yanki na littafin labari ko na wasan kwaikwayo da murya mai rai, sannan a bar su su tattauna a kan mutanen cikin labarin.

Me ya kawo likita cikin zancen littafi?

Saboda abin yana ƙarewa ne a kan gadon asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko tilastawa ta jima'i a rayuwarta, kuma mafi yawa daga hannun miji ne ko wanda take tare da shi. A Nijeriya, babban binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa yin aure sun fuskanci duka, ko tilastawa, ko muzantawa daga miji. Kashi 6 cikin 100 na waɗanda suka taɓa ɗaukar ciki an dake su da cikin a jikinsu. Adadin da ya fi damuna shi ne wannan: fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Kimanin 1 cikin 3 ne suka nema, yawancinsu kuma wurin danginsu suka je.

Raunin da ido yake gani shi ne mafi ƙanƙanta. Matar da ake duka ta fi sauran mata haɗarin yin ɓari da haihuwar bakwaini, kuma haɗarin kamuwarta da ciwon damuwa ya kusa ninki biyu. Wata za ta yi shekara tana yawo tsakanin kemis da asibiti da ciwon kai, ciwon mara, faɗuwar gaba, rashin barci, ana ba ta maganin olsa da na taifot, ba wanda ya tambaye ta yadda gida yake. Yaran da suke kallo su ma suna ɗaukar nasu rabon: fitsarin kwance bayan sun daina, firgita cikin barci, faɗa a makaranta.

Cin zarafi kuma ya wuce duka. Hana abinci da gangan, ƙwace jarin mace, hana ta zuwa asibiti tana ciwo, zagin iyayenta kullum, yi mata barazana da raba ta da 'ya'yanta, duk suna ciki. Akwai maza ma da ake cin zarafinsu, kuma kunyarsu ta fi yawa, amma mata ne suka fi cika mana ɗaki.

Shirun nan yana da dalili. A unguwa irin Hayin Banki, inda gidajen haya da yawa bango ɗaya ne tsakanin ɗaki da ɗaki, babu dukan da ake yi a ɓoye. Maƙwabta suna ji. Washegari a haɗu a bakin famfo a gaisa, a tambayi kwanan yara. An koya mana cewa tsakanin mata da miji sai Allah, harshe da haƙori ma suna saɓawa, ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Idan ta yi yaji, kafin kwana uku an zo biko, a ce ta yi haƙuri don 'ya'yanta. Don haka kowa ya sani, amma babu mai hanyar fara magana ba tare da an ce ya tona asiri ko yana son kashe aure ba.

Yadda abin yake

Ba wasan kwaikwayo ake shiryawa ba, babu dandamali, babu sauya tufafi. Mutum biyu ko uku ne za su zauna da littafi a hannu, kowa ya ɗauki muryar mutum ɗaya, ɗaya kuma ya karanta bayanin marubuci. Karatun ba ya wuce minti 10 zuwa 15. Abin da ya biyo baya, wato tattaunawar, shi ne ainihin aikin, kuma yakan ci awa guda.

A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna Theater of War, wadda Bryan Doerries ya jagoranci kafawa a 2009. Sun fara ne da karanta wa sojojin da suka dawo daga yaƙi tsofaffin wasannin Girka na Sophocles, waɗanda aka rubuta fiye da shekara 2,400 da suka wuce, don su sami bakin magana a kan abin da yaƙi ya bar musu a zuciya. Daga baya suka faɗaɗa zuwa cin zarafi a gida, inda suke karanta sassan wasan Tennessee Williams na 1947, A Streetcar Named Desire, wanda a cikinsa miji yake dukan matarsa mai ciki, ta gudu wurin maƙwabciya, kuma a daren ta koma. Bayan karatun sai wasu mutanen gari su faɗi abin da ya taɓa su, sannan a buɗe wa kowa.

Kada ku ɗauka baƙon abu ne a wurinmu. Kakanninmu mata sun daɗe suna sauke abin da ke ransu a waƙar niƙa da ta daka, su yi wa miji ko kishiya habaici ba tare da kiran suna ba, mai hankali ya gane. 'Yan mata suna kwaikwayon zaman aure a tashen Mairama da Daudu cikin azumi. A nan kusa da mu, tun tsakiyar shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello yake fita Samaru da ƙauyukan Zariya, a yi wasa a kan matsalar mutanen wurin, a tsaya a tambaye su yadda za a warware. Uwa uba, mun saba da sauraren littafi. Gidajen rediyo sun daɗe suna karanta littattafan Hausa, yanzu kuma ga su nan a YouTube da WhatsApp, mace tana wanke-wanke tana ji. Abin da ya rage shi ne a ji tare, a tsaya, a yi magana.

Wane littafi?

Wanda na fi ba da shawara a fara da shi a zaman mata shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, aka kuma fassara shi zuwa Turanci a 2012. Marubuciyar, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun tana ƙaramar yarinya, don haka ba da ka take magana ba. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa, mai 'ya'ya 9. Yana da hali amma kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya isa. Ya auro Delu, rigima ta tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Da duniya ta juya wa Alhaji Abdu baya, gobara ta cinye dukiyarsa, sai aka taru a kan Rabi ta koma.

Dalilina na zaɓensa biyu ne. Na farko, cutar da aka yi wa Rabi ta yunwa ce da wulaƙanci da kora, irin wadda mata da yawa ba su ma san tana da suna ba, domin ba ta barin tabo. Na biyu, ƙarshen littafin ba ya barin kowa ya yi shiru. A duk inda mata goma suka ji shi, sai sun rabu: wasu su ce komawarta ita ce daidai, wasu su ce an zalunce ta sau biyu. Wannan saɓanin shi ake nema.

A zaman maza kuwa, Uwar Gulma na Mohammed Sada ya fi dacewa, tunda dama wasan kwaikwayo ne, muryoyin a rabe suke, kuma da yawa daga cikin iyayenmu sun karanta shi a makaranta. Hayatu yana shaye-shaye da caca, yana wulaƙanta matarsa Halima, magana ta kai ga iyaye har gaban alƙali. Gajerun labaran gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara wa mata marubuta a 2016, su ma suna da amfani saboda gajerta.

Shawara ɗaya: ku guji labarin da mijin cikinsa dodo ne tsantsa. Mai duka a zahiri yakan kasance mai fara'a a waje, mai gaisuwa, wani lokaci ya dawo da tsire da ban haƙuri bayan ya yi. Idan mugun cikin littafi bai yi kama da kowa ba, kowa zai tafi gida da wankakkiyar zuciya.

Shin yana aiki?

Ga abin da bincike ya nuna a kan labari gaba ɗaya. A Yuganda, Donald Green na Jami'ar Columbia da abokan aikinsa sun yi gwaji a ƙauyuka 112. An nuna wa wasu ƙauyukan gajerun finafinai a kan matar da ake duka da maƙwabtan da suka yi shiru ko suka yi magana, wasu kuma ba a nuna musu ba. Watanni bayan haka, ra'ayin mutane a kan ko miji yana da ikon dukan matarsa bai sauya sosai ba. Abin da ya sauya shi ne, mata sun rage tsoron a kira su magulmata idan suka kai rahoto, sun fi yarda za su faɗa, kuma dukan da ake ba da labarinsa a gidaje ya ragu. A Afirka ta Kudu, shirin talabijin na Soul City ya nuna a 1999 yadda maƙwabta suka fito suna kaɗa tukwane a ƙofar mai dukan matarsa, don ya san ana ji. Daga baya aka sami unguwannin da suka yi hakan da gaske.

Waɗannan fim ne da talabijin, saboda haka kada a ɗora wa karatun littafi nauyin da ya fi ƙarfinsa. Amma darasin ya zo daidai da abin da nake gani: labari ba ya sauya zuciyar mai duka a dare ɗaya. Bakin waɗanda suke kewaye da shi yake buɗewa. Kuma da yake mutane tare suka saurara, kowa ya ga cewa na kusa da shi ma abin bai yi masa daɗi ba.

Karatu yana da fifiko ɗaya a kan wasa: babu wanda zai ɗaga hannu ya kwaikwayi mari a gaban matar da aka mara jiya. Murya ce kawai, mai sauraro shi yake zana ɗakin a ransa, kuma yana iya tsayawa inda zai iya ɗauka.

Idan za ku shirya a unguwarku

A ce a Hayin Banki ne, ko Kawo, ko Unguwar Dosa. Wurin da mata suka riga suka saba haɗuwa ya fi: Islamiyyar matan aure, zumuntar mata a coci, taron adashi, ko ranar awon ciki idan ma'aikatan asibitin sun yarda. A sanar da shugabar wurin da mai unguwa. A kira shi zaman karatun littafi, domin shi ne. Ranar da aka sa masa suna "taron matan da ake duka", babu mijin da zai bar matarsa ta zo, wadda ta zo kuma an yi mata tambari.

Mutum 15 zuwa 25 sun isa. Mata daban, maza daban, aƙalla a farko. A lura da wanda yake zaune kusa da wa: mace ba za ta buɗe baki ba idan uwar mijinta, ko kishiyarta, ko ƙanwarsa tana wurin. A ajiye waya, babu ɗaukar murya, babu hoto. A fitar da yara. Tun kafin a fara a faɗa cewa labarin yana da ɗaci, wadda ta ji ba za ta iya ba ta fita shan iska, ba mai tambayarta.

A tsayar da karatun a inda abu ya yi zafi, kafin marubuci ya warware. Tambayoyin kuma duk a kan mutanen littafin za su tsaya. Da ke ce kike haɗa bango da Rabi, me za ki yi a daren da aka kore ta? A wane lokaci ne danginta za su iya sa baki tun abu bai kai nan ba? A wurin maza: da kai ne mahaifin Halima, sau nawa za ka mayar da ita? Wani zai kare Hayatu, wata za ta ce Rabi ce ba ta iya zama da miji ba. Kada mai jagora ya hau su da faɗa. A juya ga sauran a ce, "Ku kuma fa?" Amsar da ta fito daga bakin maƙwabci ta fi ta likita shiga.

Doka mafi girma: ba a tambayar kowa labarin gidanta, ba a kuma kiran sunan kowa a unguwa, ko da habaici. Idan wata ta fara ba da nata labarin a gaban mutane, a tausasa a ce mata za a gana bayan an tashi. Abin da aka faɗa a gaban mutum 20 yana iya riga ta isa gida, kuma ita za ta kwana da sakamakon.

A nan ne nake da tsauri. Kada ku shirya wannan zama idan babu ma'aikaciyar lafiya ko ta jin daɗin jama'a a wurin, wadda ta san inda za a tura mutum. Buɗe ciwo a bar shi a buɗe ya fi barinsa a rufe illa. A faɗi wuraren neman taimako da baki ga kowa da kowa, a maimaita, maimakon raba takardar da za a iya tsinta a jakar mace.

Idan wata ta same ki bayan an tashi

Ki saurara, kada ki katse ta. Kada ki ce "me kika yi masa?", kada kuma ki yi saurin cewa "ki yi haƙuri" ko "ki fito kawai". Ki ce mata kin yarda da ita, kuma babu laifin da ya kai a dake ta. Ki tambaye ta abin da take so, sannan ki tambaya ko tana jin tsoron komawa gida yau. Kada ki je ki tari mijin ba da saninta ba. Lokacin da mace take shirin fita, ko ta fita ba da daɗewa ba, yana daga cikin lokutan da suka fi haɗari gare ta, don haka shawarar tafiya da lokacinta nata ne, da shiri: inda za ta, kuɗin mota, katin asibiti da takardun yara a wurin wadda ta amince da ita.

Alamomin da ba a jira da su

Idan an shaƙe miki wuya, ko sau ɗaya ne, ko babu tabo, ki je asibiti a ranar. Kumburin cikin maƙogwaro da raunin jijiyoyin jinin wuya suna iya bayyana bayan awanni ko kwanaki. Dashewar murya, wahalar haɗiya ko numfashi, jan ido kamar jini ya kwanta, suma ko sakin fitsari a lokacin, duk alamun haɗari ne. Bincike a Amurka ya nuna matar da mijinta ya taɓa shaƙe ta, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka kusan sau 7. Haka nan idan ya taɓa nuna miki wuƙa ko ya ce zai kashe ki, kada ki ɗauke shi zafin rai.

Mai ciki da aka buga a ciki ko aka ture ta ta faɗi, ta je a duba ta ko da ba ta ga jini ba, domin mabiyiya tana iya ɓantarewa jinin ya taru a ciki. Idan akwai jini, ciwon mara, ko ɗan ya rage motsi, gaggawa ce. Bugu a kai da amai, ko yawan barci, ko ruɗewa, shi ma haka. Kunnen da ya toshe ko yake zubar da ruwa bayan mari, kada a ɗiga masa komai, kada ruwa ya shiga, a kawo a duba. Wadda aka yi wa fyaɗe, maganin kariya daga HIV yana aiki ne idan an fara cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin kwana 5, kuma gara a yi da wuri. Idan tunanin kashe kanki yana zuwa miki, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya a yau. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana duba masu damuwa, ba masu taɓin hankali kaɗai ba.

Daga Hayin Banki, Babban Asibitin Kawo ne mafi kusa don rauni na gaggawa. Gwamnatin Kaduna tana da cibiyoyin Salama na kula da waɗanda aka ci zarafinsu, akwai a Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada da Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, inda ake haɗa magani da shawara da taimakon shari'a. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa marasa hali. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, ta 2015, ta lissafa dukan abokin aure, korarsa daga gida da ƙarfi, da watsar da iyali babu ci babu sha a cikin laifuffuka, wato abin da aka yi wa Rabi yana da suna a doka. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2018, kuma kotu tana iya ba da umarnin kariya.

Idan kin zo asibiti da ɗan rakiya, kina da damar cewa kina son ganin likita ke kaɗai. Ki raɗa wa nas tun a wurin awon jini, mun san yadda za mu ce wa ɗan rakiya ya jira a waje ba tare da ya zargi komai ba. Ki roƙi a rubuta raunin a fayil ɗinki yadda yake, da kwanan wata, ko da ba ki da niyyar kai ƙara yanzu. Idan kuma abin da za ki iya a ranar shi ne ba da labarin ƙawarki, ki ba da shi, za mu saurara.